Tsakanin Igiya Biyu

Sadiku, kada ka karanta wannan takarda da ido ɗaya, ɗayan yana kan waya. Ka kife wayar, ka nemi wuri ka zauna. In ka san ba za ka kai ƙarshe ba, ka ninke ta ka dawo mini da abata, domin jin rabin wannan magana ya fi rashin jinta illa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka fita lafiya ka sauka lafiya, Ya raba ka da sharrin hanya, da na mutanen hanya, da na bakinka kai kanka.

Gida ɗaya muke kwana, na sani. Na zaɓi rubutu ne saboda na san halinka. In na zaunar da kai, kafin in kai tsakiyar zance ka fara murmushin nan naka kana cewa ai zamani ya canza. Takarda kuwa ba a katse mata magana.

Jibi za ka tashi da lodinka na farko, citta da zoɓo, ka tsallaka iyaka, ka ce in kasuwa ta karɓe ka can za ka kama shago ka zauna. Ban hana ka ba. Habu ne zai ja maka motar, ɗan Malam Idi mai gadinmu, wanda kuka tashi kuna kira Baba Idi. Da ka shawarce ni kafin ka ɗauke shi, da na ce ka nemi wani. Tunda an riga an yi, dole ka ji yadda uban Habu ya koma abin da ka tashi ka gani. Ba asiri ba ne, duk manyan gidan nan sun sani. Ku yara ne ba ku taɓa tambaya ba, kun ɗauka haka Allah Ya halicce shi.

Ka nuna mini a wayarka cewa ƙasashen yankin nan sun yi yarjejeniya, amfanin gona ba ya biyan haraji in zai tsallaka. Na san wannan tun kana goye, kuma sanin ne ya fara kayar da ni. Ina taƙama na yi sakandare, ina karanta jarida, na ɗauka tunda an ɗauke haraji, an share mini hanya ke nan har gindin kasuwa. Mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ma'aikaci ne, bai san fatauci ba. Ya saya mini tsohuwar babbar mota, ya sa albarka. Na cika ta da busasshiyar citta, na ɗauki Malam Idi ya ja. A lokacin direba ne da ake rububinsa, mutumin wani ƙauye a Jigawa, mai raha, wanda ba ya iya riƙe sitiyari bai rera waƙa ba. Yana gaba da kaya, ina biye a ƙaramar mota.

Ba wanda ya tambaye ni haraji ko sau ɗaya. Amma hanyar cike take da igiya a gicciye da katako mai ƙusoshi. A nan a ce a kwance tamfol a ga kaya. A gaba a ce mota ta hau sikeli, ta yi nauyi a ƙafafun baya, a sake jera buhuna a rana. Can kuma a ce takardar da ke nuna inda aka noma cittar hatiminta bai fito sosai ba. To ka sani, haraji shi ne mafi sauƙin abin da ke kan hanya, domin yana da ƙarshe, ka biya ka wuce. Abin tsoro shi ne wanda ba a gaya maka ba sai ka iso gabansa. Kada ka tambayi waya yadda hanya take. Ka je tasha ka nemi direban da ya dawo cikin makon nan, ka saya masa shayi, ka yi shiru ka saurara. Kowace takarda za ka karɓa, ka tambayi tsawon ranta, domin takardu ma mutuwa suke yi, kuma ba rana ɗaya suke mutuwa ba.

A bakin iyaka igiya biyu ce. Ta farko tamu, ta biyu tasu, tsakaninsu wani fili mai faɗi da ba na kowa ba. A igiyar farko aka duba mu, aka ɗaure tamfol da waya, aka matse bakin wayar da dalma mai lamba, aka ce kada a tsinka sai an isa inda za a sauke. Muka wuce ina jin daɗi.

A igiya ta biyu wani jami'i ya fito, dogo, da zane a kumatu irin na kakata. Ya leƙo tagar motata ya ce sannu da hanya Hajiya, an sha rana. Da Hausa ya gaishe ni, Hausa garau. Ni kuwa don in nuna masa ba irin matan da ake juyawa ba ce, na amsa masa da Turanci, na miƙa takardu ta taga ban ko fito ba. Ya tsaya yana kallona. Na ga fuskarsa ta rufe kamar an ja labule. Da ya sake buɗe baki sai Faransanci, kuma daga ranar bai ƙara yi mini kalma ɗaya ta Hausa ba, alhali ina jin sa yana ƙyalƙyala dariya da mai shayi da harshen da uwata ta yi mini reno da shi. Ban ce da na gaishe shi zai bar ni in wuce ba, wannan Allah Ya sani. Amma da ya gaya mini abin da ya rage da bakin da zan gane, tun da sauran lokaci. Sai da na nemo tafinta na ji cewa takardar lafiyar kayan ba ta karɓuwa sai an fassara ta, an buga mata hatimin wani ofishi da ba a nan yake ba.

Sadiku, kana da wannan ciwon nawa, na sha ganin yadda kake wa ma'aikatan banki magana. In an gaishe ka da Hausa, ka amsa da Hausa. Ka fito daga mota, ka tambayi mutum gajiya da iyali kafin ka nuna masa takarda. Girman kai a gaban mai riƙe da igiya wauta ce, kuma ba kai kaɗai za ka biya kuɗinta ba.

Na ce to mu koma gida mu gyara. Namu suka ce kayan da suka fita sun fita, in za su dawo baƙin kaya ne, su ma da nasu takardun. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Aka nuna wa Malam Idi gefen filin nan aka ce ya ajiye mota.

Tsakar rana ce, rana ƙwal, amma ban taɓa shiga wurin da ya sa tsigar jikina ta tashi kamarsa ba. Ka san tashar manyan motoci, ihu da zagi da rediyo. Nan babu. Motoci jere, maza a zaune a inuwar ƙarƙashinsu, kowa ya juya fuska wuri ɗaya, ƙofar ofishin da ke bakin igiya ta biyu. In ƙofar ta motsa, sai duk kawunan su ɗago tare. In ta rufe, su sauka tare. Wata mota tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kabewa ta hau ta har ta yi 'ya'ya a kan tamfol. Wata kuma an cire mata inji, ramin a buɗe, amma wani tsoho yana tsaye a kan taya yana goge gilashinta da tsumma a natse, kamar yanzu za a ce ya tayar. Ba wanda ya yi mana sannu da zuwa. Matsawa kawai suka yi suka ba mu wuri, kamar dama sun san da mu.

Aka gaya mini in direba ya bar mota, za a ɗauke ta a matsayin yasasshiya, kaya su bi ruwa. Sai na kira Malam Idi gaban rumfar wata mata mai sayar da tuwo, na ba shi na abinci, na ce kada ya matsa daga jikin motar, zan koma Kano in kawo takardar. Ya yi dariya ya ce ba komai Hajiya, ai hutu ya samu. Na juya zan tafi na ce masa, “Malam Idi, ina zuwa.”

Mai tuwon ta dakata da kwasa. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta nuna mazan nan da marar da ke hannunta ta ce, “Duk waɗannan da kike gani, abin da aka ce musu ke nan.”

Na ɗauka rashin ta-ido ne irin na matan tasha. Na shiga mota.

Ka san yadda muke da wannan kalma. Mutum yana fita yana ba ka baya, ya ce yana zuwa. Mu duka mun san ba zuwa yake ba, tafiya yake, amma mun yarda da ita saboda ta fi sallama daɗi. Ba ta da rana, ba ta da wata. Mai faɗa ya manta kafin ya kai ƙofa. Mai amana kuwa ya ɗauke ta ya zauna a kanta.

A Kano na yi ta zirga-zirga. Kafin a samo fassarar da hatiminta, takardar asali ta mutu. Sabuwa ba ta fitowa sai an ga kaya da ido, kaya kuwa suna can a ɗaure da dalmar da ba a tsinkawa. Ina cikin wannan mahaifinka ya kwanta. Daga gida zuwa asibiti, daga asibiti zuwa makabarta. Na shiga takaba. In Malam Idi ya sami sabis ya kira, ya yi mini gaisuwa, ya tambayi takarda, in ce masa ya ƙara haƙuri ina zuwa. Na faɗa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ina zaune a kan tabarmar takaba na san ko ƙofar gida ba zan taka ba. Ina ganin in ya taso an yi asarar abin da mahaifinku ya bar muku. Cittar nake dubawa, ban duba mutumin ba.

Da damina ta yi nisa na tabbata kayan sun lalace, na kira shi na ce ya bar komai ya dawo gida. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce a can kowa ana kiransa a waya da muryar mai kaya, ɓarayi sun iya kwaikwayo, mutum ya tashi ya dawo ya tarar an kwashe. Ya ce Hajiya da bakinta ta ce tana zuwa, in ta zo zai ji daga bakinta. Ya kashe waya. Na aika ƙanensa. Ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya saya masa tuwo, ya rako shi har igiya ya koma.

In za ka fasa alkawari, ka fasa shi da wuri, ka faɗa ƙarara. Haƙurin da kake ba mutum alhali ka san ba ka da abin da za ka cika masa, ba tausayi ba ne, igiya ce kake ƙara masa. Magana zarar bunu ce, kuma akwai ranar da za ka so janye ta ka tarar ta fi ƙarfinka.

Ina fita takaba na kama hanya. Na shiga filin ina tambayar Malam Idi, ba wanda ya san shi. Na ce direba ne daga Kano, baƙi, mai wushirya, mai waƙa. Suka dubi juna. Sai mai tuwon nan ta ce ko Mai Citta nake nufi. A can ba a kiran mutum da sunan yanka, da kayansa ake kiransa: Mai Albasa, Mai Fata, Mai Siminti. Tun kafin in hango motar na jiyo ta, warin citta da ta sha ruwa ta yi zafi a ƙarƙashin tamfol. A gefen tayar baya ya shuka kuɓewa, har ta girma ya fara tsinka.

Na iso ana kiran azahar, sai na tsaya gefe. Suka fito daga ƙarƙashin motoci suka yi sahu, har da tsohon nan mai motar da ba inji. Raka'a biyu suka yi, liman ya sallame. Na jira su tashi su cika, ba wanda ya tashi. Na tambayi limamin, shi ma direba ne, gemunsa fari fat. Ya ce ai su matafiya ne, ƙasaru suke yi, tunda babu wanda ya yi niyyar zama a cikinsu, gobe in Allah Ya so za a sa hannu. Ya faɗa ba da wasa ba, ba da baƙin ciki ba. Mutum ya shuka kuɓewa ya ci, yana sallar wanda zai tashi gobe.

Malam Idi ya rame, amma ba ramar ce ta tsorata ni ba, natsuwar ce. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata. Sannan ya ce, “Hajiya, an sa hannu?”

Na ce masa ba a sa ba, kuma ba za a sa ba, ya tashi mu tafi. Ya ce to, bai motsa ba. Na roƙe shi, na yi faɗa, na yi kuka a gaban mazan nan, su kuwa ko kallona ba sa yi, idonsu na kan ƙofa. Da la'asar ta kawo jiki na ga zan koma ba shi, sai na yi abin da har yau nake biya. Na ce masa takardar ta fito, tana Kano, amma an ce sai direba ya je da kansa ya dangwala hannu, sannan ya dawo ya ƙarasa da kaya. Nan take ya miƙe. Ya damƙa wa limamin amanar motar, ya ɗauki butarsa da tabarma, ya shiga bayan motata. Da ƙarya na fito da shi, ita ce kuma ta hana shi isowa gida.

Na gaya masa gaskiya daga baya, ban san iyakar sau nawa ba. An kai shi wurin likitoci, an yi masa rubutu da addu'a. Ya ce to Hajiya, gari ya waye ya sake tambaya ko an sa hannu. Ka sha jin sa da safe in zan fita, kuna dariya kuna cewa gaisuwar Baba Idi ke nan. Bai ƙara riƙe sitiyari ba, bai ƙara waƙa ba. Iyalinsa na kama musu gida a Gama, yakan je da rana ya zauna a bakin ƙofa kamar baƙo, ba ya kwana, wai yana da lodi a hanya. Habu ya tashi da uban da ke yi masa sallamar matafiyi. Gadin nan ma ba ni na sa shi ba. Shi ya zaɓi bencin bakin get, saboda daga nan yana ganin duk wanda ya shigo da takarda a hannu. In ya bi jam'i a masallacin layinmu yakan cika tare da liman. Amma ka lura da shi ranar da ya yi azahar shi kaɗai a gindin darbejiyar nan. Ka ƙirga raka'o'in.

Da na bar duk wannan a cikina, ka tafi da addu'a kawai. Abin da na gani jiya ne ya sa na ɗauki biro. Da hantsi ina tagar sama kuka shigo kai da Habu daga wurin lodi. Ka fito ka rufe ƙofa, ka ce masa kana zuwa, ka shige ɗaki. Na ji ka kana waya, na ji ka kunna talabijin. Rana ta take, Habu yana zaune a mota bai fito ba. Sai na ga Malam Idi ya tashi daga bencinsa, abin da ba ya yi sai don salla ko buɗe get. Ya ɗauki buta da tabarma, ya zo ya shimfiɗa a inuwar motar, dab da tayar baya. Ya ƙwanƙwasa wa ɗansa gilashi. Habu ya fito, uban ya matsa ya ba shi wuri. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, fuskokinsu na kallon ƙofar falo. Da mai aiki ta buɗe ƙofar za ta zubar da ruwa, kawunansu suka ɗago tare.

A tsakar gidana, Sadiku, a Nassarawa, cikin furanni da motoci masu sanyi. Na sauko, na ce Habu ya shiga ya ci abinci. Ya ce ai Yallaɓai ya ce yana zuwa.

Habu yana da mata da jariri a Hotoro. Yana da halin ubansa kaf, amana har ta yi masa yawa, kuma kai kana da bakina. Za a tsayar da ku, kada ka yi shakka, in ba a wannan tafiya ba a ta gaba. Wata takarda za ta mutu, ko a rufe iyaka kuna tsakiya, ko a fito da sabuwar doka da safe. Ranar za ka ga hikima ce ka bar shi da mota kai ka je ka gyara, kuma kowa a wurin zai ce maka haka ake yi. In takarda za a nemo, ka aika ejan, ku biyu ku zauna. In zaman ya kai inda ka fara sabawa da shi, ka ji ka daina jin haushi, ka fara gane masu tuwo da suna, to ku tashi ku biyu ku bar kayan. Citta ba ta da uwa, ba ta da ɗa. Na yafe maka jarin tun yanzu, ba zan tambaye ka ko buhu ɗaya ba.

Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Allah Ya sassauta zukatan masu riƙe da igiya, Ya sa ku dace da masu tsoronSa. Allah Ya sa albarka a cinikinka, Ya hana ka cin haƙƙin na ƙasa da kai, Ya jiƙan mahaifinka, Ya ba Malam Idi lafiya, ni kuma Ya yafe mini. Ka gaida abokan tafiya, ka riƙe salla a kan lokaci.

Ni ce mahaifiyarka, kuma ga abin da na yanke, na riga na tara 'yan'uwanka da masu aiki na gaya musu. Daga yau ba a cewa kowa “ina zuwa” a gidan nan. Mai fita ya faɗi lokacin da zai dawo, ko ya sallami mai jiransa ya tafi harkarsa. Wanda kuma ya fita da mutum, da shi zai dawo. In ka iso bakin get ɗin nan ba Habu a gefenka, kada ka yi hon. Ba zan sa ubansa ya buɗe maka ba.